Tabaran ganin dare ba kayan farauta ba ne

Maharbin da ya tashi daga Kawo ko Mando ya nufi daji bayan isha'i, a da fitilar goshi ce idonsa. Yakan haska, idon gada ko na zomo ya ƙyalla, ya ɗana bindigar toka. Idon ɗan Adam kuwa ba ya mayar da haske irin haka, shi ya sa gogaggen maharbi ba ya sakin harbi sai ya ga ƙyallin. Ita fitilar ma shela ce: duk wanda ke nesa ya san mafarauci ne tafe.

Tabaran ganin dare, da ake tallarsa a intanet kamar kayan wasan yara, ya rushe wannan duka. Iri biyu ne. Ɗaya yana tattara ɗan hasken wata da taurari ya ninka shi, ya fito da hoto kore-kore. Ɗayan zafin jiki yake karantawa, kuma daga nesa ba ya bambanta barewa da yaron da ya tsuguna a bakin gona. Fari-fari kawai zai nuna maka, sauran ya rage wa yatsanka.

Dajin da ke yammacin garin Kaduna ba na wasa ba ne. A Afaka aka kwashe ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a Maris na 2021, kuma a Agustan shekarar 'yan bindiga suka kutsa makarantar sojoji ta NDA cikin dare. Sojan da ke gadi a wannan yanki, in ya hango mutum da bindiga yana saɗaɗe ba fitila, me zai ɗauka? Harin kuskuren da sojoji suka kai Tudun Biri ya nuna mana a Disamban 2023 abin da kuskuren gani cikin dare ke jawowa, ga masu na'urorin da suka fi na kasuwa nesa ba kusa ba.

Namun dajin ma duhu ne kaɗai ya rage musu mafaka. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya zama gandun ƙasa tun 1999, farauta a ciki laifi ce, amma rashin tsaro ya hana masu gadinsa sakat.

Mun san uzurin mafarauta, kuma ba mu raina shi ba: da yawansu su ne 'yan sa-kan da ke kwana a bakin unguwa. To, aikin tsaro daban, neman nama daban. Dama shigo da irin wannan na'ura sai da takardar izini daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Ya kamata gwamnatin Kaduna ta bi wannan hanya: wanda aka ba amanar sintiri ya karɓi tabaran ta hannun hukumar 'yan sintirin jihar, KADVIS, da lamba a jiki, ya mayar da asuba. Sarakunan baka kuma su hana yaransu shiga daji da shi, kwastan su binciki inda na kasuwa ke shigowa.