RA'AYINMU: CIWON HAƘORI DA ALJIHUN ƊALIBI

Duk wanda ya san Kaduna ya san cewa a Mando ne Asibitin Ido na Ƙasa yake, wanda gwamnatin tarayya ta kafa da doka a 1979, kuma daga kowace kusurwa ta Nijeriya mutane suna sauka a tashar Mando domin neman maganin ido. A cikin garin kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Watau mai ciwon ido ya san inda zai dosa, mai ciwon kunne ma haka. Amma ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci da ke haya a Mando ko Afaka, idan haƙori ya hana shi barci, yawanci kemis ɗin bakin titi ne asibitinsa na farko, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe. Dalilin kuwa sananne ne: tsoron kuɗin da za a yanka masa. Wannan shi ya sa muka keɓe shafinmu na wannan fitowa domin mu duba inda tsadar ta samo asali, da hanyoyin da mai ƙaramin ƙarfi zai bi ya tsira da haƙoransa ba tare da ya ci bashin da zai kai shi ƙasa ba.

Da farko ya kamata mu gane cewa matsalar ba ta Kaduna ba ce kaɗai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki ko haƙori. Abin da ya tsananta namu halin shi ne yadda ake biyan kuɗin magani. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa kai tsaye, alhali tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta cika ba.

Sa'an nan kusan duk abin da likitan haƙori yake taɓawa daga ƙasashen waje ake shigo da shi: kujerar aiki, da injin huda haƙori, da allurar kashe zafi, da abin ciko, da injin ɗaukar hoto. Da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan aikin nan kuwa suka bi ta. Ga kuɗin man janareta, domin injin haƙori ba ya aiki sai da wuta. Bugu da ƙari likitocin kansu kaɗan ne. A 1966 aka buɗe makarantar koyar da likitancin haƙori ta farko a Jami'ar Legas, daga baya Ibadan da Ife da Benin suka biyo, amma Arewa ba ta sami tata ba sai a wannan ƙarni, da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suka fara. Waɗanda aka horar ɗin ma sun taru a manyan birane, wasu kuma sun haye Ingila da Saudiyya. Abin da ya yi ƙaranci kuwa dole ya yi tsada.

Amma akwai wani kaso na tsadar da mu da kanmu muke jawowa, shi ne jinkiri. Ruɓewar haƙori hawa-hawa ce. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye farin ɓawon haƙori. A wannan mataki babu zafi, kuma ɗan ciko kaɗan ya isa. Idan aka bari, kogon ya nutsa ciki, sai a fara jin tsami in an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi; har yanzu ciko yana iya magance shi. Idan ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori, to nan ne ake kwana zaune, kuma zaɓi ya rage biyu: ko a cire haƙorin, ko a kwashe jijiyar a wanke saiwar a toshe, sa'an nan a sa wa haƙorin hula, aikin da ke ninka kuɗin ciko sau da yawa kuma yana bukatar zuwa asibiti fiye da sau ɗaya. Idan kuwa an cire aka ce za a dasa sabo da ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, kuɗin haƙori ɗaya ya kan kai ɗaruruwan dubban nairori, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne a wata. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane wata da aka ƙara ana daurewa, kuɗi ne ake ƙara wa kai.

Saboda haka hanya ta farko ta samun sauƙi ita ce zuwa da wuri, ta biyu kuma ita ce sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Asibitocin gwamnati sun fi na kuɗi rangwame, ko da yake sai an yi haƙuri da layi. Mutumin Mando yana iya zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko asibitin sojoji na 44, wanda farar hula ma suke zuwa. Idan aikin babba ne, kamar karayar muƙamuƙi ko ƙari a baki, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda sashensa na tiyatar baki da fuska ya daɗe da yin suna tun yana nan Kaduna. A Kano kuma akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ɗaliban likitancin haƙori suke koyon aiki a ƙarƙashin kulawar malamansu.

Idan an shiga wurin likita kuma, kada kunya ta hana tambaya. Haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa duk hanyoyin da ke akwai da kuɗin kowace, a rubuce in ya so. A tambaya wane aiki ne na gaggawa, wanne ne zai iya jiran albashin wata mai zuwa. Sau da yawa ana iya sa ciko na wucin gadi a tsayar da ruɓewa kafin a tara kuɗin sauran aikin. Wanda ya rasa haƙorin gaba yana iya sa na roba mai cirewa, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na dashe ba. Har ila yau ba kowane giɓi ne na can ƙurya ya zama tilas a cike ba. Babban mutum haƙora 32 gare shi, kuma tun 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki riƙe aƙalla haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ya wadatar ga tauna da magana da kyan fuska. Likita ne zai duba ya faɗi ko giɓin mutum yana cikin waɗanda za a iya bari.

Hanya ta uku ita ce inshorar lafiya, wadda yawancinmu muke biya ba mu san amfaninta ba. Shirin inshora na ƙasa ya fara aiki a 2005, dokar 2022 kuma ta sake masa suna zuwa NHIA ta kuma wajabta shi a kan kowa. Ɗaliban manyan makarantu suna da nasu tsarin mai suna TISHIP, wanda makarantu da yawa suke haɗa kuɗinsa cikin kuɗin rajista. Ma'aikatan Jihar Kaduna kuma suna da hukumar KADCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018. A tsarin ƙasa, duba baki da wankin haƙori da ƙananan ayyuka suna ciki, amma sa hula da dashe da gogewar ƙawa ba sa ciki. Ma'anar wannan a fili take: inshora tana taimakon wanda ya zo da wuri, wanda ya makara kuwa aljihunsa zai shafa. Muna kira ga kowane ɗalibi ya je asibitin makaranta ya tabbatar sunansa yana cikin rajista, ya nemi a nuna masa jerin abubuwan da aka ɗauke masa, ya kuma san yadda ake tura mutum zuwa babban asibiti, tun kafin ranar bukata.

Yanzu sai mu ja kunne game da arahar da ba ta ado. Akwai masu yawo a kasuwanni da tasha suna cewa za su fitar da tsutsar haƙori. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, dabara ce ta karɓar kuɗi. Akwai masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, da masu danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, duk kuwa ƙona nama suke yi. Akwai masu cire haƙori da kayan da ba a dafa ba, waɗanda suke iya sa wa mutum ciwon hanta ko ƙanjamau. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi sukan rage zafi na ɗan lokaci, amma ba sa toshe kogo. Haka shan kafso da ƙwayoyin kashe zafi barkatai: ciwon ya lafa mako biyu ya dawo, ciki da ƙoda kuma su ɗauki wahalar. Mafi haɗari duka shi ne kumburi. Idan ƙasan haɓa ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ga zazzaɓi, to a garzaya asibiti a daren, domin ruɓar haƙori tana iya sauka wuya ta toshe hanyar iska ta yi kisa.

Rigakafi kuwa shi ne mafi arahar duka. A goge haƙora sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fulorayid, musamman kafin barci, a tofar kada a kurkure da ruwa. Asuwakin da muka gada yana share datti sosai in an iya amfani da shi, amma ba shi ne zai maye gurbin man ba. A haɗa biyun. A rage sukari: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau kimanin ƙananan cokula 12 ga babba. Wanda ya sha shayin mai shayi da madarar gwangwani da safe, ya sha lemon kwalba da rana, ya tsotsi alewa yana karatun dare, ya wuce wannan iyaka bai sani ba. Waɗanda suke da ƙanne a gida kuma su tuna cewa turmin haƙori na dindindin na farko yana fitowa ne yaro yana da shekara 6, iyaye da yawa kuwa sukan ɗauka na nono ne da zai fāɗi, su bar shi ya ruɓe.

Ga hukuma muna da magana. Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki manufar samar da cibiyar lafiya matakin farko a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓunta 255. Muna ganin lokaci ya yi da za a sa ma'aikacin haƙori a waɗannan cibiyoyi, a fara da unguwanni masu cunkoso irin su Mando da Rigasa. Wannan ba ya bukatar kujerar miliyoyi. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanya a Tanzaniya ta kankare ƙaramin kogo da kayan hannu a cike shi, babu inji babu lantarki. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan abin ciko, da man fulorayid, da wani ruwan azurfa da ake shafawa ya tsayar da ruɓewa, cikin jerin muhimman magunguna. Kuɗin yin haka ma akwai inda za a samo: dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya matakin farko, dokar kuɗi ta 2021 kuma ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Adalci shi ne abin da aka karɓa saboda sukari a kashe wani kaso nasa wajen gyara ɓarnar sukari.

Ƙasar nan ta nuna tana iya wannan in ta so. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana yi wa masu cutar zaizayar baki aiki kyauta, kuma Nijeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa a watan Disamba na 2023 aka shigar da cutar cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci. Cutar nan kuwa daga ciwon dasashi take farawa a bakin yaron da yunwa ta raunana. Ma'aikacin da zai leƙa bakin yara a cibiyar unguwa shi zai tare ta tun kafin ta ci fuska.

A ƙarshe, mu ma akwai abin da ya rataya a wuyanmu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai shawara uku. Ta nemi hukumar makaranta ta buga bayanin abin da kuɗin TISHIP ya ƙunsa a liƙa a kowane ɗakin kwana. Ta gayyato likitoci su duba bakin ɗalibai a ranar 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya. Ta kuma buɗe ƙaramin asusun rance marar ruwa, mai lissafi a fili, domin ɗan'uwan da aikin gaggawa ya kama. Ƙananan ma'aikata su ma suna iya ware wani abu daga adashinsu ko ƙungiyar gama kai ta ofis domin irin wannan rana. Haƙorin nono ne kaɗai ake yi wa famfara ya sake tsiro. Na girma in ya tafi ya tafi ke nan. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.