Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Maganar 'Ya'yanmu Masu Neman Wucewa Jami'a

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun soma fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai roƙon addu'a ya yawaita a majami'unmu na ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Da yawa cikin masu roƙon iyaye ne waɗanda 'ya'yansu suka gama NCE, ko difloma, ko IJMB, suna neman wucewa jami'a su fara daga aji biyu. Wannan ita ce hanyar da ɗalibai suke kira DE, watau shiga kai tsaye ba tare da sake zama jarrabawar JAMB ba. Addu'a kam muna yi, za mu kuwa ci gaba da yi. Amma abin da muke gani shi ne, da yawa daga cikin masu rasa gurbin nan sun rasa shi tun shekara biyu ko uku kafin su sayi fom, a lokacin da ba wanda ya zauna ya duba takardunsu.

Wannan hanya tamu ce, mu mutanen kudancin Kano. Yaron da ya yi sakandare a ƙauyen da ke gefen dajin Ɗansoshiya ko na Falgore, wanda wataƙila bai taɓa kwamfuta ba sai ana gab da jarrabawa, ba kasafai yakan sami makin shiga jami'a a karo na fari ba. Sai ya tafi kwalejin ilimi a Kano ko Zariya ko Gidan Waya, ko foliteknik, ko kwalejin share fage ta Rabi'u Musa Kwankwaso da ke nan Tudun Wada. Ba abin kunya a ciki, gama ta nan malamanmu da yawa suka bi har suka kai inda suke. Sai dai guraben aji biyu ba su kai na aji ɗaya yawa ba, masu nema kuwa tuli. Inda gurbi ya yi kaɗan, ƙaramin aibi a takarda ya isa a ajiye mutum a ɗauki na bayansa.

Bari mu fara da suna, domin nan ne ciwon ya fi kama mu. Ɗanmu ɗaya yana iya zama da suna uku. A gida Ɗanjuma ne, a takardar baftisma Yohanna, malamin firamare kuwa ya rubuta masa John domin ya ga ya fi daɗin rubutu. Sunan mahaifi ma haka: yau Bitrus, gobe Peter, jibi a sa sunan kaka ko na gari. 'Yarmu Lami ta zama Rahila a takardar WAEC, ta koma Rachel a kwaleji. Ranar haihuwa kuwa, wadda uwa ta faɗa dabam, wadda aka cika a fom ɗin NECO dabam, wadda aka faɗa wa mai yin katin ɗan ƙasa dabam. A dā, magatakarda yakan dubi fuskar yaro ya gane mutum ɗaya ne, ya wuce da shi. Yanzu na'ura ce take dubawa. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke kan lambar nan su ne take ɗauka. In suka saɓa da na takardar sakandare, ko na kwaleji, to, an shiga zirga-zirga: rantsuwa a kotu, neman gyara a ofishin katin ɗan ƙasa, jiran WAEC ko NECO. Waɗansu gyare-gyaren sukan ɗauki watanni, fom ɗin DE kuwa makonni kaɗan ake sayar da shi.

Laifin wannan ba na yaran ba ne. Mu iyaye da masu rubuta littafin baftisma da malaman makarantun ikkilisiya, mu ne muka riƙa rubuta suna yadda ya zo mana a baki. Ya kamata kowane gida ya tsai da suna ɗaya, da jeri ɗaya, da rubutu ɗaya, tun kafin yaro ya cika fom ɗin jarrabawar gama sakandare. Wanda ya riga ya shiga kwaleji da suna biyu, shekararsa ta fari ita ce lokacin gyara.

Sai maganar kiredit biyar. Akwai kuskuren da ya zauna a zukatan mutanenmu, cewa wai satifiket ɗin NCE ko difloma yana rufe gibin takardar sakandare. Ba ya rufewa. Jami'a tana neman kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu, lissafi kuma dole ne ga mai neman kimiyya ko fasaha ko ilimin zamantakewa. Kwaleji tana iya karɓar yaro da abin da jami'a ba za ta karɓa ba. Ya yi shekara uku yana karatu, ya fito da sakamako mai kyau, a ce masa Turancinsa bai kai ba. Alhali kowace shekara cikin ukun nan ana yin jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, da ya zauna ɗaya da ya cike.

Akwai kuma wata lamba da iyaye da yawa ba su san da ita ba. Mai NCE ko difloma ta ƙasa, in ya zo rajistar DE, za a tambaye shi lambar JAMB da ya shiga kwalejin da ita. Tun 2017 JAMB ta kafa tsarin da ake kira CAPS, ta ce duk ɗaukar ɗalibi da ba ta bi ta cikinsa ba, ba ta san da ita ba. Yaranmu da yawa sun shiga makaranta ta hannun wani sananne, an ba su takardar makaranta, sun biya kuɗi, sun zauna aji, amma sunansu bai taɓa shiga kundin JAMB ba. Abin ba ya fitowa sai ranar neman wucewa jami'a, ko ranar tafiya bautar ƙasa. Hatta rancen karatu na gwamnatin tarayya da aka fara bayarwa a 2024 yana neman wannan lamba. Saboda haka uban da ɗansa yake kwaleji yau, ya tambaye shi: “Ina takardar ɗaukarka ta JAMB?” In takardar makaranta kaɗai ya nuna, a nufi ofishin rajistar makarantar da na JAMB tun yanzu.

Game da maki ba sai mun daɗe ba, domin kowa ya san mai ƙoƙari yake gaba. Abin da za mu tuna wa matasa shi ne, lissafin yana farawa tun zangon fari. A difloma ta ƙasa, daga 3.00 zuwa 3.49 shi ne babban kiredit, daga 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, kwasa-kwasan da ake rububinsu kuwa galibi babban suke nema. Wanda ya yi wasa da shekarar fari, ko ya bar aji mako uku ya dawo gida yankan shinkafa ana gab da jarrabawa, da wuya shekara ta biyu ta ɗaga shi. A nan ma iyaye suna da hannu. Mun san aikin gona ba ya jira, amma in za a iya ɗaukar ɗan ƙodago ko a kira gayya, a bar ɗalibi ya zauna makaranta.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Akwai masu yawo suna cewa za su samo wa yaro sakamakon IJMB mai maki goma sha wani abu ba tare da ya zauna aji ba, a biya su kuɗin buhun masara kaza. IJMB karatu ne na gaske, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce take kula da shi tun 1976, darussa uku ne, ana kuma ajiye sakamakon kowa. A 2023 JAMB ta bayyana cewa Jami'ar Bayero ta binciki takardun masu neman DE guda 148, ta tarar 6 kaɗai ne na gaskiya. Tun daga lokacin aka tsananta, ana tuntuɓar makarantar da ta ba da takarda kafin a ba da gurbi. Wanda ya tsallake a ƙofa ma bai tsira ba, ana iya korarsa yana aji huɗu. Ba mu da abin faɗa wa mai bi da ya sayi takardar ƙarya sai dai cewa sata ce, gurbin ɗan wani ya ɗauka. Abin baƙin ciki, wani lokaci uba ne yake sayar da sa ya biya, ya kuma zo ranar Lahadi ya ba da shaidar godiya. Ikkilisiyar da ta san haka ta yi shiru, ita ma ta sa hannu.

Wannan bincike ya jawo wa masu gaskiya wani aiki. Tun da sai an tabbatar da takarda daga inda ta fito, ɗalibi ya bi sawu ya ga kwalejinsa ta amsa tambayar da aka aiko mata, ta kuma aika wa jami'a cikakken bayanin makinsa. Ba a biyan kuɗin wannan a koma gida a zauna. Haka ma wanda yake wata jami'a yana son komawa wata: sai da gurbi a sashen da yake nema, da maki mai kyau, da sallama daga inda zai bari, JAMB kuma ta sani.

Zaɓen kwas da jami'a shi ma wuri ne da ake zubar da dama. Wanda ya karanta Hausa da ilimin addinin Kirista a NCE, ya cika fom yana neman aikin lauya domin kawunsa ya ce ya fi daraja, ya ɓata kuɗinsa. Hanya mafi kusa ita ce kwas ɗin da ya ɗora a kan abin da aka riga aka karanta, kuma littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB ya faɗi abin da kowace jami'a take karɓa. A karanta shi kafin a shiga wurin rajista, kada a bar mai kwamfuta ya zaɓa wa yaro.

Tsarin da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ya raba gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'ar take ɗiba, kashi 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Jihar Kano tana cikin yankin Bayero da na Ahmadu Bello, tana kuma cikin jihohin kashi na uku. Jami'o'in jiha, irin ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, su ma 'yan jiha suke sawa gaba. Watau ɗan Doguwa da ya tsallake waɗannan ya nufi wata jami'a mai nisa domin suna, ya bar rabonsa a ƙofar gida. Amma rabon ba ya samuwa sai da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Mun sani waɗansu cikin 'ya'yanmu sukan sha tambaya a kan wannan takarda, a ji sunansu a ce su ba 'yan nan ba ne, alhali kakanninsu a ƙasar nan aka binne su. Wannan ba dalilin ja da baya ba ne, ba kuma dalilin cika sunan wata jiha a fom ba ne. Uba ya tashi da kansa ya raka ɗansa wurin mai unguwa da dagaci, waɗanda suka san gonarsa da gidansa, a bi mataki har ta fito. A yi wannan tun yaro yana shekarar fari a kwaleji, lokacin da ba gaggawa, in an ce a dawo gobe ba abin da zai wuce.

Mun saba da cewa sai da hanya. Da lokacin ya zo sai a ɗauki kaza da kwanon shinkafa a nufi gidan wani ɗan ikkilisiya da ke aiki a jami'a, ko a matsa wa fasto ya rubuta wasiƙa. Ba mu ce sanayya ta mutu a Nijeriya ba. Amma ɗan'uwan nan ba zai iya sa sunan da na'ura ta ƙi ba, kuma muna ɗora masa nauyin da zai iya ci masa aiki. Abin da zai iya yi mana, da mun je da wuri, shi ne ya dubi takardu ya ce ga abin da ya rage.

To, wannan aikin ne muke roƙon ikkilisiyoyinmu su ɗauka. Ba gundumar da ba ta da malamin sakandare ko ma'aikacin da ya bi ta DE. A ware Asabar ɗaya a lokacin hutun Kirsimati, sa'ad da ɗalibai suke gida, kowa ya zo da takardunsa duka a shimfiɗa a kan benci: ta haihuwa, ta sakandare, lambar ɗan ƙasa, takardar JAMB, ta asali. Zumuntar matasa ta rubuta abin da ya rage wa kowa, dattawa su bi sawu. A kuma gargaɗi kowane ɗalibi ya riƙe layin wayar da ya yi rajista da shi, kada ya ba ƙanensa, ya riƙa duba CAPS da kansa ko da sai ya fito Kwanar Dangora neman sabis, gama gurbin da aka ba mutum bai amsa ba cikin lokaci akan ɗauke shi.

A 'yan shekarun nan fom ɗin DE yana fitowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da hatsin gidaje da yawa ya riga ya tafi wajen biki da biyan bashin taki. Ga kuɗin fom, ga na mota zuwa Kano ko Zariya fiye da sau ɗaya, ga na aika bayanin maki. Ikkilisiyar da ta tara buhuna ranar godiyar kaka tana iya ware biyu ko uku ta rubuta “na ɗalibai” a jikinsu, ta ajiye a ɗakin ajiya har watan Fabrairu.