Allura ma ƙarfe ce

Duk lokacin da aka ambaci jirgin saman yaƙi, ko kumbo, ko tauraron ɗan Adam, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne manyan kampanoni masu dubban ma'aikata. Haka ne kuwa. Amma ƙasar Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi kan sha'anin tsaro, ta daɗe da gane cewa sabuwar dabara sau da yawa daga ƙaramar rumfa take fitowa, inda injiniya biyar ko goma ke ta faman gwaji. Saboda haka ta kafa wani shiri na tallafa wa binciken ƙananan kampanoni da kuɗin gwamnati, wanda ake kira SBIR a taƙaice. Ya kamata mu dubi abin da ya haifar da kuma inda ya gaza, domin akwai darasi a ciki ga duk wanda aka damƙa wa amanar dukiyar jama'a.

A shekarar 1977 ne wani ma'aikacin Hukumar Kimiyya ta Ƙasar Amurka, mai suna Roland Tibbetts, ya fara gwada wannan hanya a hukumarsu. Da aka ga amfaninta, majalisar dokoki ta mai da ita doka, shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a watan Yuli na 1982. Dokar ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke ba da aikin bincike ga ƴan waje na fiye da dalar Amurka miliyan 100 a shekara ta keɓe wani kaso domin kampanonin da ma'aikatansu ba su wuce 500 ba. Da farko kason bai kai dala 1 cikin 100 ba, amma ya yi ta hawa, har a 2017 ya kai dala 32 cikin kowace 1000. Ma'aikatu 11 suka shiga, har da hukumar sararin samaniya ta NASA, kuma ma'aikatar tsaro ce ta fi kowace zuba kuɗi.

An tsara aikin hawa uku. A hawa na farko akan ba kampani kuɗi kaɗan, na wajen wata shida, ya nuna ko dabararsa mai yiwuwa ce. Idan ya ci wannan jarrabawa, sai ya nemi hawa na biyu, inda yake da wajen shekara biyu ya ƙera samfuri. A farkon shirin iyakar kuɗin hawa na farko dala 50.000 ce, ta hawa na biyu kuwa 500.000, a 2011 aka ɗaga su zuwa 150.000 da miliyan 1. Kuɗin ba rance ba ne, gwamnati ba ta karɓar hannun jari, kuma abin da kampani ya ƙirƙiro nasa ne. A hawa na uku kuwa shirin ba ya ba da ko sisi: sai kampani ya samo mai saye, ko soja ko kasuwa.

Me ya sa gwamnati mai ƙarfi irin wannan ta damu da ƙananan kampanoni? Dalilin ya ƙara fitowa fili bayan yaƙin cacar baka. Kasafin kuɗin soja ya ragu, manyan kampanonin makamai suka yi ta haɗiye juna. Wani rahoton ma'aikatar tsaro na 2022 ya nuna cewa manyan ƴan kwangilarta, waɗanda suka kai 51 a shekarun 1990, sun koma biyar kacal: Lockheed Martin, da Boeing, da Raytheon, da General Dynamics, da Northrop Grumman. Kasuwar da ƴan tebur biyar suka riƙe kuwa, mai saye ba ya da bakin ciniki, kuma mai sayarwa ba ya da abin da zai tilasta masa neman sabuwar hikima.

Shirin ya yi ƴaƴa, ba shakka. Kampanin Qualcomm, da aka kafa a San Diego a 1985, ya sami wannan tallafi tun yana ƙarami, kafin fasaharsa ta shiga wayoyin salula na duniya. Kampanin iRobot, da aka kafa a 1990, shi ma ya ci moriyarsa. Shi ya ƙera PackBot, na'urar da sojoji suka riƙa turawa gaba ta duba bamabamai a Afganistan da Iraƙi, sannan a 2002 ya fito da Roomba mai share ɗaki da kanta. Ashe allura ma ƙarfe ce.

To, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Kampanoni da yawa sun gama hawa na biyu da samfuri mai kyau a hannu, suka tarar babu mai saye. Ofishin da ya biya kuɗin bincike daban, ofishin da ke sayen kaya daban, kuma kasafin sayen kayan soja akan tsara shi tun shekara biyu kafin a kashe. Ƙaramin kampani ba zai iya biyan albashi tsawon wannan jira ba. Su kansu Amurkawa sun laƙaba wa wannan tazara suna kwarin mutuwa. Illa ta biyu daga ta farko ta fito: wasu kampanoni, da suka ga neman tallafi ya fi neman kasuwa sauƙi, sai suka ƙware wajen rubuta takardun buƙata, suna karɓar tallafi shekara da shekaru, alhali kaɗan daga abin da suka bincika ya kai hannun soja. Manomin da ke karɓar iri kowace damina, rumbunsa kuma wayam, ai ya mai da irin abincinsa.

Rundunar sojan sama ta gwada wani magani a 2018. Maimakon ta rubuta wa kampanoni abin da za su ƙera dalla-dalla, sai ta buɗe ƙofa: kowa ya kawo abin da yake da shi, ya kuma nemo wani sashe na soja da ke bukatarsa. Masana tattalin arziki, ciki har da Sabrina Howell da John Van Reenen, sun bi sawun sakamakon. Sun tarar sabuwar hanyar ta jawo sababbin kampanoni, ta kuma ƙara musu damar samun jarin ƴan kasuwa da kwangilar soja, abin da ba su gani a tsohuwar hanyar ba. A 2022 majalisa ta sabunta shirin na shekara uku, ta tsaurara ma'auni ga masu yawan karɓar tallafi, ta kuma wajabta binciken alaƙar kampanoni da wasu ƙasashe, musamman Sin, don kada fasahar da aka biya da harajin jama'a ta sulale waje. Da wa'adin ya cika a ƙarshen Satumba 2025, gardamar ta sake tashi a majalisa kan waɗannan batutuwa biyu.

Ga ra'ayinmu. Tallafa wa ƙaramin mai bincike daidai ne, domin banki ba ya ba da rance kan abin da ba a taɓa gani ba, kuma babban kampani ba ya gaggawar kashe kasuwarsa da hannunsa. Amma ba da kuɗi rabin aiki ne. Dole tun ranar da aka sa hannu a san wanda zai sayi abin idan ya yi kyau, kuma a san ranar da za a tsaya idan bai yi ba. Ma'aikacin da ke auna nasararsa da yawan takardun tallafin da ya raba, yana yaudarar kansa, yana kuma yaudarar mai biyan haraji. Abin tambaya a ƙarshen shekara shi ne: cikin abubuwan da aka biya kuɗin bincikensu, nawa ne suka shiga aiki?