SHARHI: Samar da Sabon Irin Fich da Darasin da ke Cikinsa ga Masu Lambuna

A shekarar 2023 manoman jihar Jojiya ta ƙasar Amurka sun yi asarar kimanin kashi 90 cikin 100 na amfanin itacen fich, wani ɗan itace mai zaƙi wanda girmansa ya yi kusa da na tuffa, da ƙwallo guda a cikinsa. Ba fari ba ne ya jawo asarar. Hunturun shekarar ne ya zo da ɗumi, sannan sanyi mai tsanani ya sauko a watan Maris ya ƙone furanni.

Dalili kuwa shi ne, bishiyar fich takan zubar da ganye ta kwanta a lokacin hunturu, kuma ba ta yin fure sosai sai ta samu wasu awowi na sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos. Yawancin tsofaffin iri na buƙatar awa 600 zuwa 1,000. Idan awowin suka gaza, furen yakan fito jefi-jefi, 'ya'ya su yi ƙaranci.

Wannan ne ya sa masana suka duƙufa wajen samar da irin da sanyi kaɗan ke isarsa. Jami'ar Fulorida ta fara wannan aiki tun shekarun 1950, kuma a 1982 ta fitar da irin Flordaprince, wanda kimanin awa 150 ke wadatar da shi. Irin ya samu karɓuwa har a ƙasar Masar.

Sai dai aikin ba na gaggawa ba ne. Masani yakan ɗebi garin furen wata bishiya ya shafa a furen wata, ya shuka ƙwallayen da aka samu, ya jira shekara uku ko huɗu kafin su haihu. Cikin dubbai, 'yan ƙalilan ake zaɓa, a yi musu aure da gindi mai jure cutar ƙasa, a gwada su a wurare daban-daban. Sau da yawa akan haura shekara goma kafin iri ɗaya ya isa hannun manomi.

Sanin kowa ne sanyin hunturunmu bai cika kaiwa wannan mizani ba, in ban da wurare masu tsayi kamar Jos da Mambila, inda gwaji zai fi ma'ana. Amma darasin ya shafi duk mai lambun mangwaro, lemo ko gwaiba. Wanda ya shuka gero mara kyau, damina guda ya rasa. Wanda ya dasa bishiyar da ba ta dace da ƙasarsa ba, sai bayan shekaru na ban ruwa da taki zai gane kuskurensa.

Saboda haka ya zama wajibi manoma su nemi shawarar malaman gona kafin sayen dashe, musamman wanda aka shigo da shi daga waje. Su kuma sassan aikin gona na ƙananan hukumomi, ya kamata su keɓe filayen gwaji, kada a raba wa jama'a kowane dashe sai an ga haihuwarsa a ƙasarmu.