Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kula Da Jami'o'i Kan Kwasa-kwasan Intanet

Zuwa ga Sakataren Zartarwa,
Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC,
Maitama, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan wata hanya da ɗalibanmu suka riga hukumarka kamawa, wato kwasa-kwasan da manyan jami'o'in duniya ke sakawa a intanet don kowa ya shiga. A Gwagwalada da Kubwa da Nyanya akwai matasan da ke kwana da waya a hannu suna bin darasin malaman Harvard ko Stanford. Idan yaro ya kammala ya kai takardar sashensa, sai a jinjina masa a mayar masa da abarsa, domin ba ta ƙara masa maki ko ɗaya. Roƙona shi ne hukumarka ta fitar da ƙa'idar lissafa irin wannan karatu cikin digiri, bisa sharaɗin da zan ambata.

Ba na cikin masu kururuta abin. A 2011 wasu malamai biyu na Stanford, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. A 2012 aka kafa Coursera da edX, har aka fara cewa kwanan jami'o'i ya ƙare. Ashe kallon kitse aka yi wa rogo. A 2013 Jami'ar San Jose da ke Amurka ta gwada koyar da lissafi ta dandalin Udacity, fiye da rabin ɗaliban suka faɗi, aka dakatar da shirin. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka buga bincike a mujallar Science kan kwasa-kwasan Harvard da MIT, inda suka nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 ne kawai cikin 100 suka kai ƙarshe, kuma akasarin masu shiga 'yan ƙasashe masu arziki ne. Kamfanin 2U da ya sayi edX a kan dala miliyan 800 a 2021 ya durƙushe da bashi a 2024. Bidiyo yana amfanar wanda ya riga ya sami tushe. Wanda ba shi da shi kuwa, sai da malamin da zai duba aikinsa, ya tambaye shi dalilin rashin zuwansa jiya.

To me ya sa nake roƙon a karɓe su? Saboda halin da muke ciki. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, jami'o'inmu kuwa ba sa iya ɗaukar ko rabinsu. Waɗanda suka samu shiga suna cunkushe a ɗakin lacca, na baya ba ya jin na gaba. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da ya yi waɗannan watanni yana koyon rubuta manhaja ko ƙididdiga a intanet, da wanda ya yi su yana zaman majalisa, duk ɗaya suke a takardar sakamako. Wannan ba adalci ba ne.

Indiya ta riga ta gwada abin da nake nufi. A 2017 ta ƙaddamar da dandalin SWAYAM, malaman jami'o'inta ne ke shirya darussan, shiga kyauta ne. Amma duk mai son maki sai ya biya ɗan kuɗi ya je cibiya da ƙafarsa ya rubuta jarrabawa a gaban mai sa ido. Hukumar jami'o'insu ta fara da yarda da kashi 20 cikin 100 na kwasa-kwasan zango, a 2021 ta ɗaga zuwa 40. Mu ba sai mun fara da haka ba. Manhajar CCMAS da kuka ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta, sai a fara buɗe ƙofar daga nan.

Sharaɗin shi ne jarrabawar ido da ido, kuma kayan aikinta suna nan. Hukumar JAMB da ke Bwari tana aiki da ɗaruruwan cibiyoyin jarrabawar kwamfuta a faɗin ƙasar nan, da na'urar ɗaukar hoton yatsa, yawancinsu kuma ba su da wani aikin kirki idan lokacin jarrabawa ya wuce. Tsakanin Maitama da Bwari ba tafiyar yini ba ce, ranka ya daɗe. Idan aka sassauta wannan sharaɗi, kowa ya san inda za a ƙare. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Takardar intanet da ba a ga fuskar mai ita ba, ta fi wannan sauƙin saye.

Su wa za su shirya darussan? Ga buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa, NOUN, nan a Jabi. An kafa ta a 1983, aka rufe ta a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, wanda shi kansa ya koma ɗalibinta har ya yi digirin digirgir. Ta kai karatu har gidan yarin Kuje, ta kuma sha fama da masu yi wa takardarta kallon raini, don haka ta san ciwon abin. Ga kuma buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu da kuka ba lasisi a 2023, irin su Miva da Al-Muhibbah a nan Abuja da Iconic a Sakkwato. A haɗa su da ƙwararrun malaman Zariya da Ibadan da Nsukka, asusun TETFund ya ɗauki nauyi, a fara da kwasa-kwasan ajin farko da dubban ɗalibai ke yi tare. A saka ƙarin bayani da Hausa da Yarbanci da Ibo, domin yaron da ya fito daga sakandaren gwamnati a Abaji ko Kwali sau da yawa Turancin ne ke kayar da shi tun kafin lissafin.

Sai batun data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. A zauna da kamfanonin waya a cire kuɗi a kan dandalin, a kuma yi darussan yadda za a sauke su a kalla ba tare da intanet ba.

Malamai za su ji tsoron cewa dabara ce ta daina ɗaukar ma'aikata, kuma idan aka dubi yadda gwamnatoci suka yi da yarjejeniyar da aka ƙulla da ASUU a 2009, ba za a ga laifinsu ba. A rubuta a cikin ƙa'idar cewa duk kwas ɗin intanet da za a ba maki sai yana da malami a sashen da ke bibiyar ɗalibai, ana kuma biyansa. A gayyaci ASUU tun ranar zaman farko, kada a bari sai ta ji a rediyo.

Ina roƙon ka kafa kwamitin da zai fitar da wannan ƙa'ida, a gwada ta a jami'o'i kaɗan na shekara ɗaya, sannan a buga adadin waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi kowa ya gani.

Allah ya yi jagora. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gwagwalada, Abuja.