An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da samarin ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki wadda ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa a kanta tun kafin hadarin bana ya haɗo. Duk wanda ya bi hanyar Bebeji zuwa Kiru, ko ya miƙa Tudun Wada har Doguwa cikin watan Agusta, ya leƙa ajin firamare ko ɗakin shan magani, zai tarar da abu guda: silin ya yi baƙi ya kumbura daga gefen bango, fenti yana ɓarewa, ga bokiti an tara a ƙasa. Da rani sai a sake silin, a shafa fenti, a rubuta a fayil cewa an gyara. Damina ta zagayo, tabon ya komo mazauninsa. Wannan shi ne barin jaki a daki taiki.

Abin da muka ƙi ganewa shi ne, inda ruwa yake ɗiga ba lalle ne nan ya shiga ba. Bakin rufi shi ne ƙarshen gangara, saboda haka duk ɓarnar da aka yi a sama a nan take bayyana. In kafinta ya buga ƙusa a kwarin kwano maimakon tudunsa, ko ya yi ƙwauron haɗi tsakanin falle da falle don ya rage wa ɗan kwangila kuɗi, ruwa zai kurɗa ta can sama, ya bi cikin kwano ko jikin katako a hankali, sai ya iso kan bango sannan ya sauka. In kuwa kwanon bai zarce bango sosai ba, iskar farkon damina ita za ta watsa ruwan ta ƙarƙashinsa. Ga kuma yayin da ake yi yanzu na ɓoye rufi a bayan rawanin siminti, a bar wa ruwa 'yar siririyar kwata wadda ƙurar hunturu da leda da ganyen darbejiya suke toshewa. Ruwa ya rasa mafita, ya taru, ya koma da baya cikin ɗaki.

Kada wani ya raina yawan ruwan nan. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce cif. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, ya karɓi lita 5,000, wato duro 25, kuma kaf ɗinsu ta bakin rufi za su bi. Kudancin Kano kuwa ya fi arewacinta samun ruwa. Mutanen Bebeji ba sa bukatar a karanta musu ƙarfinsa: a ƙasarsu aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙasarsu kuma madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988.

Abin takaicin shi ne, gano bakin zaren ba ya cin ko kwabo. Mutum biyu da buta sun isa. Ɗaya ya hau sama da rani, ya fara zuba ruwa daga bakin rufi, ya dakata, sannan ya ƙara matsawa sama kaɗan, ɗaya kuma yana ciki yana duba inda laima za ta fara fitowa. In aka fara daga tsororuwa an ɓata binciken, domin ruwan zai jiƙa ko'ina. Da tsakar rana kuma a ɗaga silin ɗaya a leƙa: hasken rana zai nuna huda, tsatsa da zanen ruwa a jikin katako za su nuna hanyar da ya bi.

Maginanmu na gargajiya, waɗanda muke yi wa kallon mutanen da, sun riga mu sanin wannan. Magini in aka kira shi soro na yoyo, indararo yake fara dubawa: ya toshe ne, ko mahaɗarsa da rawani ta tsage, ko ya gajarta har yana zuba a gindin bango yana cin sa? Daga nan ya duba ko rufin ya yi kwari inda ruwa ke kwanciya har ya ruɓar da azara. Sai ya gano cutar sannan ya kwaɓa ƙasa, ya bi da makuba ko laso. Kowace shekara kuma akan yi yaɓe kafin ruwan fari, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san za a ce wannan aikin kafinta ne, ba na mai digiri ba, kuma ginin gwamnati sai an fitar da kuɗi. To, wa yake rubuta takardar neman kuɗin? Wa yake sa hannu cewa aiki ya kammala? Mu ne, ko kuwa mu ne gobe. Tun lokacin shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da aka gina azuzuwa barkatai cikin gaggawa, muke ta maimaita kuskure ɗaya: a gina, a buɗe da tafi, a manta. Jami'in da bai taɓa taka tsani ba, duk abin da ɗan kwangila ya faɗa masa shi zai rattaba wa hannu, ko da sake rufi ɗungurungum ne a inda ƙusa goma da share kwata za su wadatar. Kuɗin talakawa ke nan yake bin ruwa, yaran talakawa kuma suke takurewa a kusurwar aji, littattafansu suna jiƙewa, har ranar da bangon da ya sha laima shekara da shekaru zai gaji.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu dai mun mai da kanmu baƙi a ɗakunanmu. Don haka ina kira ga kowane ɗalibi ɗan wannan yanki, in ya je hutu, ya nemi tsani da buta, ya ja ƙanensa, su duba rufin gidan mahaifinsu da na makarantar da ta yaye su. Ma'aikaci kuma kada ya yarda ya sa hannu a kan gyaran yoyo sai an nuna masa, da ido, inda ruwan ya shiga. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta, amin.