Uwa, kar ki karya masa jitar, ki koya masa waƙar

Jama'a, akwai wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya 4 da ake kira ukulele. Asalinta tsibirin Hawai ne na ƙasar Amurka, inda 'yan ci-rani daga Fotugal suka kai irinta a 1879. Yaranmu suna ganinta a wayar salula, wasu har sun fara koyo. Da yawa cikinmu iyaye da mun ji an ce kiɗa, sai mu ce roƙo ne, zubar da mutuncin gida ne. Mu dai a ganinmu, abin tsoron ba nan yake ba.

Tun da injin niƙa ya shigo unguwanni, waƙar niƙa ta yi shiru. Waƙar daka, ta reno da ta gaɗa suna bin sahu. Duk tsohuwar da aka kai makwanci, da waƙoƙinta take tafiya. To, ga yaro ya samu abin kiɗa mai sauƙin koyo, amma waƙar Turawa kaɗai intanet ke koya masa. Wa zai ba shi tamu in ba ku ba, iyaye mata?

Mai koyo kuma ya bi a hankali. Ya fara haddace waƙar da baki, yana tafi. Sannan ya nemi muryarta a kan tsirkiya ɗaya, domin kalmar Hausa tana da hawa da sauka, in kiɗa ya murɗe su ma'ana ta ɓace. Kar ya raina tsirkiya ɗaya: da kuntigi Ɗan Maraya Jos ya yi suna har rasuwarsa a 2015.

Mu tuna da marigayi Malam Maman Barka. Malamin lakwal ne, gwanin gurmi mai tsirkiya 2. Ya je bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar ya koyi biram, kiɗan Buduma, lokacin da ya kusa ɓacewa. Koyo bai rage masa daraja ba.

Saboda haka, Alhazai da Hajiyoyin kasuwa, in yaro ya gama karatu da aiken shago, a bar shi ya koya. A haɗa shi da kakarsa, ko da mai gurmin unguwa, a kuma sallami malamin kamar yadda ake sallamar tela. Abin da babba ya bari ya faɗi, da wuya yaro ya tsinto shi.

Allah ya sa mu gane.